Wai trombin din da ke daskarar da jini shi ne kuma ke sa bangon jijiya yin kauri?

Dalibar_Fizoloji:
Assalamu alaikum malamai da yayye, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gareni akan trombin. Abinda muka haddace tun aji biyu shine aikinsa ya yanka fibirinojin ya koma fibirin, jini ya daskare, ciwo ya daina zuba, shikenan. To yanzu mun shiga karatun jijiyoyi sai gashi ana cewa shi dai trombin din nan yana sa kwayoyin tsokar bangon jijiyar jini su hayayyafa har bango yayi kauri hanya ta tsuke. Abinda ya daure min kai, shi fa inzayim ne yanka kawai ya iya, ba irin insulin bane da zaije ya zauna akan risefta, wato wurin karbar sako a jikin kwaya, to ta yaya mai yanka zai isar da sako cikin kwaya har ta fara rabuwa? Sannan in dai hakane me yasa ba'a ba mutane maganin tsinka jini kawai kowa ya huta da toshewar jijiya?

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam. Ni ba dan kimiyya bane yar uwa amma tsaya tukuna, wai jijiya tana da tsoka? duk zatona kitse ne yake taruwa ya toshe hanya, haka dai muke ji a rediyo

Dr_Zuciya:
Malam Abu Sumayya tana da ita sosai. Bangon jijiya hawa uku ne. Na ciki wanda jini ke gogarsa shimfiɗa ce siririya mai kaurin ƙwaya ɗaya tak, ana ce mata endotiliyam. Na tsakiya shi ne tsokar, ita ke matsewa ta saki, shi ya sa amlodipine da masu hawan jini ke sha a kanta yake aiki, sassauta ta yake yi. Na waje kuma shi ke riƙe da su. Kitsen da kake ji gaskiya ne, amma in aka yanka jijiyar da ta tsuke aka duba ba kitse kaɗai ake gani ba, akwai ƙwayoyin tsokar nan da suka baro mazauninsu na tsakiya suka shigo ciki suka hayayyafa suka zuba kolajin, furotin mai kama da zare da jiki ke ɗinke ciwo da shi. Tambayar ɗaliba ta farko kuma na bar wa Malam Biokem, fagensa ne.

Malam_Biokem:
Wa alaikumus salam. 'Yata abin da ya ɗaure miki kai ya daɗe yana ɗaure wa masu bincike nasu. Tun 1975 Chen da Buchanan a Amurka suka nuna in ka zuba trombin a kan ƙwayoyin fibroblas na ɗan tsakon da ke cikin ƙwai sai su fara rabuwa, amma aka yi shekaru ana laluben risefta ɗin, don irin wanda aka saba ake nema, wanda abu zai zo daga waje ya zauna a kansa. Sai a 1991 ɗakin binciken Shaun Coughlin a San Faransisko suka fito da shi, shi ne yanzu ake kira PAR-1.

Furotin ne da ya ratsa fatar ƙwaya sau 7, yana da jela a waje. Trombin zai zo ya gane wani wuri a jelar ya datse ta tsakanin amino asid na 41 da na 42, arjinin da serin. Guntun da aka datse ya tafi, sabon bakin jelar da ya bayyana yana farawa da jerin SFLLRN, shi ne zai lanƙwaso ya shiga jikin risefta ɗin ya kunna shi. Kin ga ke nan saƙon ba a jikin trombin yake ba, tun farko a jikin risefta ɗin yake, rufe shi aka yi. Kin san biron nan da ake ɗaurewa da zare a jikin rajista a ofis, yana nan da murfinsa, to trombin murfin kawai yake cirewa ya wuce. Hujjar da ta gamsar da mutane, in ka haɗa waɗannan amino asid 6 a lab ka zuba wa ƙwaya za ta amsa ko babu ɗigon trombin a wurin, in kuma ka toshe bakin da trombin ke yanka da shi to ba ya kunna PAR-1.

Ki riƙe abin da ke biyo baya don ana son tambayarsa a jarrabawa. Trombin guda yana iya datse risefta da yawa ɗaya bayan ɗaya tunda ba zama yake ba. Kuma abin da aka datse ba ya komawa, don haka ƙwaya sai ta haɗiye risefta ɗin ta kai shi laisosom ta narkar, sannan ta fito da sabo.

Dalibar_Fizoloji:
Allah ya saka da alheri Malam, wlh yanzu na ga inda yankan ya hadu da sakon. To daga nan fa? an kunna risefta a bakin kwaya, me yake kaiwa har DNA ta fara kwafar kanta

Malam_Biokem:
A cikin ƙwaya PAR-1 yana riƙe da furotin G, kuma ba guda ba. Gq yana kunna fosfolaifes C, kalsiyam ya tashi, PKC ya tashi. G12 da G13 suna kunna RhoA, shi ke sa ƙwaya ta canza siffa ta fara rarrafe daga tsakiyar bango zuwa ciki. Sai Gi. Hanyoyin suna gangarawa kan Ras zuwa ERK, ERK ya shiga cibiyar ƙwaya ya tayar da c-fos da c-myc, a samar da saiklin D1, ƙwaya ta tsallake G1 ta shiga S inda ake kwafar DNA. A lokaci guda tana rage furotin ɗin matsewa ta koma mai zuba kolajin.

Bakatsine_a_Turai:
Allah ya gafarta Malam in kara kadan daga abinda nake gani da idona, don da wadannan kwayoyin nake aiki, na babbar jijiyar bera. Sai mun cire musu siram, ruwan jinin da ake ciyar dasu, sun kwanta sun daina rabuwa tukuna a zuba trombin. Kalsiyam cikin dakikoki yake tashi, ERK cikin mintuna, amma kwafar DNA sai ta makara in ka kwatanta da wadanda aka zuba wa PDGF, wani furotin mai sa kwaya rabuwa, kai tsaye, kuma dalilin shine trombin ba shi kadai yake karasa aikin ba, da ya kunna PAR-1 sai wani inzayim na jikin fatar kwayar ya yanko wani furotin HB-EGF da yake makale a wurin, shi kuma yaje ya kunna riseftan EGF, sannan kwayar da kanta ta fara hada PDGF-A da FGF-2 tana fitarwa suna dawowa kanta da makwabtanta, ga kuma NADPH oksides yana fitar da sinadaran oksijin masu zafi wadanda suma sako ne. In ka toshe riseftan EGF din da magani sai kaga rabuwar ta ragu sosai alhali PAR-1 na nan lafiyarsa kalau. Yar uwa in kika rubuta PAR-1 zuwa ERK kawai kin bar rabin labarin.

Malam_Biokem:
Haka yake, na gode da ƙarin. Kuma tunda ka ambaci PDGF, shi ma daga daskarewar jini aka gano shi. A 1974 Russell Ross a Siyatil ya lura ƙwayoyin tsokar jijiyar biri suna hayayyafa a siram ɗin da aka samu daga jinin da ya daskare da filatilet ɗinsa, ƙananan ƙwayoyin jinin nan masu toshe ciwo, amma ba sa yi a wanda aka cire wa filatilet kafin daskarewa. To wa ke sa filatilet ta zazzage abin da ke cikinta? Trombin shi ne mafi ƙarfi a cikin masu yin hakan. Ke nan ta hanya biyu yake taɓa tsokar, kai tsaye da kuma ta filatilet. Wani abin da nake so ɗalibai su tsaya a kai shi ne aikin Kenneth Mann, wanda ya nuna jini yana daskarewa ne tun trombin ɗin da aka samar bai wuce kamar kashi 5 cikin 100 ba, sauran duk bayan gudan jinin ya haɗu ake samar da shi. Wani ɓangare yana ƙarfafa gudan, amma a ganina jiki ba zai zuba wannan yawan don toshe rami kaɗai ba, akwai gyaran bango a gaba.

Famasis_Zazzau:
Tambayarki ta biyu kuma kanwata, an gwada fa. Ba wai ba'a yi tunanin ba. Dakta zai fi ni bada labarin

Dr_Zuciya:
An gwada kam. Tun da Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurik a 1977 babbar damuwar ita ce jijiyar tana komawa ta tsuke, kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 cikin wata 6. Balan-balan ɗin yana ɗaye endotiliyam ya tsaga bango, jini ya haɗu da tishu fakta, furotin ɗin da ke tayar da daskarewa, trombin ya samu, kuma a bera an ga PAR-1 yana ƙaruwa a tsokar cikin 'yan sa'o'i bayan raunin. Komai ya nuna trombin ne. Aka ba zomaye hirudin, wanda trombin kai tsaye yake kamawa, tsukewar ta ragu. Sai aka zo kan mutane, gwajin HELVETICA a Turai da aka buga a 1995, mutum 1,141, hirudin a gefe, heparin, maganin tsinka jini da aka saba, a gefe. A kwana 4 na farko masu hirudin sun fi samun sauƙi, amma da aka duba faɗin jijiyar a wata 6 babu bambanci. Shi ya sa ni in aka ce trombin ne ke tsuke jijiyar ɗan Adam nakan ce a kwanon lab da zomo na yarda, a majinyacina kuma hujjar ba ta yi ƙarfi haka ba.

Bakatsine_a_Turai:
Dakta da girmamawa, a wancan gwajin na yan kwanaki kawai aka bada hirudin din, wasu ma awa 24, alhali bangon da aka ji wa ciwo yana ci gaba da samar da trombin bayan nan, ga wanda ya makale a jikin fibirin yana ta aiki. A aladu da aka basu na sati 2 an ga raguwa. Ni a wurina gwajin bai wanke trombin ba, gajarta maganin akayi

Dr_Zuciya:
Na ji, amma wa zai iya riƙe mutum a kan hirudin mai ƙarfi na makonni ba tare da ya zubar da jini ba? Sannan bayan balan-balan ba hayayyafar tsoka kaɗai ke tsuke hanya ba, bangon yana komawa da kansa kuma yana ƙanƙancewa daga waje, wannan ba ruwansa da trombin, shi ne sitent, 'yar ragar ƙarfen nan, ta magance. Abin da ya rage a cikin sitent shi ne tsokar zalla, kuma ka duba abin da ya kashe ta. Sirolimus ne da aka shafa a jikin ƙarfen, yana toshe mTOR, can ƙasa inda saƙon trombin da na PDGF da na FGF duk suke haɗuwa. A gwajin RAVEL na 2002, mutum 238, masu sitent mai magani babu wanda tasa ta koma a wata 6, masu ƙarfe zalla kashi 26 da ɗoriya. Masu aiko saƙon suna da yawa, in ka tare ɗaya sauran na nan.

Abu_Sumayya:
Afuwan ku dan tsaya dani, menene hirudin din nan

Famasis_Zazzau:
Daga yawun matsattsaku aka samo shi Malam. Shine yake sa in ya kama mutum jinin baya tsayawa da wuri. Tun 1884 wani Haycraft a Ingila ya gano akwai abinda ke hana daskarewa a bakinsa, dan karamin furotin ne amino asid 65. Na magani ba daga tabki ake kamowa ba, da yis ake hada shi a masana'anta, akwai kuma bivalirudin da aka kwaikwaya daga gare shi ana amfani dashi wajen aikin jijiyar zuciya

Abu_Sumayya:
Ikon Allah. Matsattsakun da ke makalewa shanu a hanci in sun sha ruwan kududdufi. Allah bai halicci komai a banza ba

Famasis_Zazzau:
Amma dan Allah kada wani yaji haka yaje rafi ya kamo ya dora a jiki, akwai kwayoyin cuta a cikinsa

Dan_Tangale:
Tunda an shigo maganar dabbobi bari in kawo namu. Mu a Kaltungo kububuwa ce ke damun manoma musamman lokacin shuka da girbi, kuma dafinta abinda yakeyi shine ya juya furotrombin, wanda daga shi trombin ke fitowa, ya koma mai aiki a cikin jini gaba daya, fibirinojin ya kare, sai mutum ya koma jininsa baya daskarewa sam, dasashi na jini, tsohon ciwo ya balle. Gwajin da akeyi ma mai sauki ne, a zuba jini a busasshiyar kwalbar gilas mai tsabta a ajiye minti 20 a karkata a gani, kuma a kasar nan aka kafa shi, David Warrell da abokan aikinsa lokacin yana Zariya a shekarun 1970. Tambayata Malam Biokem, wanda maciji ya sara ai trombin ya cika masa jiki, to jijiyoyinsa zasu yi kauri kenan daga baya?

Malam_Biokem:
Ɗan Tangale tambayarka ta taɓo abin da ya kamata mu faɗa tun farko. Trombin a cikin jini daban, trombin a jikin tsoka daban. In endotiliyam na nan lafiya shi ne katanga tsakaninsu, ga antitrombin a jini yana kama shi, ga kuma wani furotin a jikin endotiliyam ɗin, trombomodulin, wanda Esmon da Owen suka gano a 1981, in trombin ya manne masa sai ya daina yanka fibirinojin ya koma kunna furotin C mai hana daskarewa. Kaurin bango yana son rauni a wuri guda da trombin da ke ta samuwa a wurin na tsawon lokaci. Mai saran kububuwa haɗarinsa zubar jini ne a kwanakin nan, maganinsa allurar kashe dafi da wuri. Abin sha'awa kuma, inzayim ɗin dafin 'yar uwarta ta Asiya, ekarin, da shi ake auna ƙarfin hirudin da dabigatran, wani maganin tare trombin, a jinin majinyaci.

Dan_Tangale:
Ngd Malam. Sakon da nake ba mutanenmu kenan kullum, a bar tsaga da daure kafa a taho asibiti

Yar_Damagaram:
Salam, ina biye daku daga Yamai. Malam shi endotiliyam din ba shi da PAR-1 ne? Don mu an koya mana yana da shi

Malam_Biokem:
Yana da shi 'yata. In trombin ya datse shi a 41 sai ƙwayoyin su ja jiki, ruwa ya riƙa ratsawa, kumburi ya taso. In kuma furotin C da aka kunna ne ya datse shi, a 46 yake yanka, sabon bakin jelar ya bambanta, saƙon ya zama na kare shimfiɗar. Risefta ɗaya, amsa biyu, ya danganta da wanda ya yanka da inda ya yanka.

Admin_Sani:
Jama'a muna karuwa sosai, amma a tuna tambayar daliba akan tsokar bangon jijiya ce, kuma ba'a rubuta wa kowa magani a group din nan

Sista_Wankin_Koda:
Ni a wurin aikina nake ganin wannan abu kullum shi yasa na kasa shiru. Masu wankin koda ana hada musu jijiyar da ke kawo jini da mai mayarwa a hannu, fistula, don a samu inda za'a rika sa allura, tun 1966 Brescia da Cimino suka kawo dabarar. In tana lafiya ka dora yatsa zaka ji tana zirrr, to sai kaga bawan Allah ya sayar da gona ko dabbobi an masa aikin, an fara amfani da ita, bayan wasu watanni karar ta fara canzawa jini baya zuwa inji yadda ya kamata, a duba a ga ta tsuke dab da inda aka dinke, wani ma tun kafin ta nuna ta mutu sai a koma katita a wuya da duk hadarin da ke ciki, wlh abin yana ci min rai. Kuma abinda ban gane ba duk zaman wanki muna basu heparin, in trombin ne ai da bata tsuke ba

Malam_Biokem:
Sista Allah ya ba da lada. Heparin labarinsa ya fi haka ban mamaki, don tun 1977 Clowes da Karnovsky suka nuna yana hana tsokar jijiyar bera hayayyafa, daga baya ma aka ga har irin heparin ɗin da ba ya tsinka jini yana yi. Amma naku na 'yan sa'o'in wankin ne ya fita daga jiki, kuma heparin ta hanyar antitrombin yake aiki, ba ya iya cin trombin ɗin da ya riga ya maƙale a fibirin yadda ya kamata. Wanda ke jikin bangon kuwa irin wannan ne.

Dr_Zuciya:
Ƙari a kan haka Sista, jijiya mai mayar da jini ba a halicce ta don ƙarfin bugun da aka juyo mata ba, jini yana murɗawa a bakin ɗinkin, ga sukar allura, ga gubar ciwon ƙoda a jini, duk suna tayar da tsokar. An gwada clopidogrel, maganin hana filatilet haɗuwa, a masu sabuwar fistula a Amurka, aka buga a 2008, toshewa da gudan jini a makonnin farko ta ragu amma yawan fistular da ta nuna har aka yi wanki da ita bai ƙaru ba. Kusan abin da aka gani a HELVETICA ne. Abin da ke hannunku mai amfani shi ne canza wurin suka da kuma turo su da wuri in ƙarar ta canza.

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum likitoci, ni ban fahimci rabin abinda kuke fada ba amma naji ana maganar tsukewar jijiya gabana ya fadi. Yarona mai sikila ne, an masa gwajin nan na kai da ake dora na'ura a gefen goshi akace jini na gudu da sauri a jijiyar kwakwalwarsa. Shima wannan tsokar ce? in bashi asfirin?

Dr_Zuciya:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ki kwantar da hankalinki, gano shi da aka yi yanzu alheri ne. Eh akwai alaƙa, a sikila shimfiɗar cikin jijiya tana shan rauni a kai a kai, jinin kuma yana samar da trombin fiye da na sauran mutane, kuma a yaran da suka samu shanyewar ɓarin jiki an ga manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sun yi kauri daga ciki. In ba a yi rigakafi ba kusan kashi 11 cikin 100 na masu SS suna samun shanyewar kafin shekara 20, shi ya sa ake gwajin, kuma gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa shi ake ɗauka da haɗari. Amma maganinsa ba tsinka jini ba ne, ƙarin jini ne a kai a kai ko hydroxyurea, kuma binciken da aka yi a kan yaranmu a Kano ya nuna hydroxyurea yana taimakawa. Kada ki ba shi asfirin da kanki. Ki koma wurin likitan da ya yi gwajin a wannan satin ki tambaye shi lambar da aka samu da abin da za a fara.

Maman_Sadiq:
Nagode Dakta Allah ya raya zuri'a, gobe insha Allah zamu koma

Dalibar_Fizoloji:
Allah ya bashi lafiya Mama. Malamai in dawo kan tambayata, tunda matsalar tare trombin gaba daya itace zubar jini, me zai hana a bar shi yayi fibirin dinsa a toshe PAR-1 din kawai?

Famasis_Zazzau:
Anyi shi kanwata, vorapaxar sunansa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince dashi a 2014, asalinsa daga wani sinadari ne na bawon wata bishiya ta Ostireliya. An gwada shi a mutum sama da 26,000 ya rage bugun zuciya na toshewar jijiya amma ya kara zubar jini harda na cikin kwakwalwa, har aka hana ba duk wanda ya taba samun shanyewar barin jiki, saboda PAR-1 din dai shine akan filatilet din mutum. Kuma don hana gudan jini aka yi shi ba don tsokar bango ba. Sannan tunda kin ce a ba kowa maganin tsinka jini, warfarin da yafi yawa a shagunanmu bitamin K yake tarewa, kuma ba furotrombin kadai ke bukatar bitamin K ba, ita kanta tsokar jijiya tana hada wani furotin MGP da ke hana kalsiyam taruwa a bango, shima sai da bitamin K yake aiki, berayen da aka cire musu shi jijiyoyinsu kankarewa sukayi suka mutu cikin wata 2. Don haka ba abin sha bane haka kawai, sai da dalili da gwajin INR mai auna yadda jinin ya tsinke

Dr_Zuciya:
Kuma ɗaliba kada ki fita daga nan da tunanin hayayyafar tsokar nan sharri ce zalla. A jijiyar da kitse ya taru, ƙwayoyin nan ne ke saƙa murfin kolajin da ya rufe kitsen ya raba shi da jini. Wanda murfinsa ya yi siriri, tsokar ta yi ƙaranci, shi ne nasa ke fashewa, tishu fakta ya fito, gudan jini ya toshe hanya cikin mintuna, bugun zuciya ke nan. Har sitent mai magani da na yaba, saboda yana jinkirta warkewar shimfiɗar ciki dole majinyaci ya daɗe yana shan magungunan filatilet guda biyu. Ni na fi tsoron bango marar gyara a kan bango mai kauri.

Bakatsine_a_Turai:
Wannan na yarda dashi dari bisa dari Dakta. Amma ban sauka daga kan trombin ba tukuna, kuma ba shi kadai ba, fakta Xa, inzayim din da ke samar da trombin, shima yana datse PAR-1 da PAR-2 a tsokar. Ka duba gwajin COMPASS na 2017, mutum sama da 27,000 masu ciwon jijiya da ya dade, rivaroxaban mai tare Xa dan kadan 2.5mg sau biyu a rana tare da asfirin ya rage mutuwa ta zuciya da shanyewa da bugun zuciya da kusan kashi 24 cikin 100 akan asfirin kadai. Kadan, na tsawon lokaci, abinda nace ba'a yi da hirudin ba

Dr_Zuciya:
COMPASS abin da ya faru da mutane ya ƙirga, bai auna kaurin bango ba, kuma rage gudan jini kaɗai ya isa ya bayyana sakamakon, ga zubar jini mai tsanani da ya ƙaru. Sannan ka fi ni sanin filatilet ɗin ƙananan ɓerayen lab ma ba da PAR-1 take amsa trombin ba, da PAR-3 da PAR-4 ne, don haka abin da aka gani a jikinsu sai an yi hattara kafin a ɗora wa mutum.

Bakatsine_a_Turai:
Filatilet din kenan Dakta, tsokar tasu PAR-1 gareta kamar tamu. Kuma kwayoyin tsokar da aka ciro daga jijiyar mutane wajen tiyata suma suna rabuwa in an zuba musu trombin ko Xa

Yar_Damagaram:
Yaya Bakatsine in ka zuba Xa din ta yaya kake tabbatarwa shine yayi aikin ba trombin din da ya samar ba?

Bakatsine_a_Turai:
Sai ka hada da hirudin a kwano daya kanwata, hirudin baya taba Xa, in rabuwar ta ci gaba to Xa ne da kansa. A wani kwanon kuma ka sa rivaroxaban ka gani ko zata tsaya, sannan ka rage PAR-1 da PAR-2 daya bayan daya ka ga ta wanne ya bi